Daga Agye zuwa Guangzhou: Me mai olsa zai ci a gidan abincin Sinawa?

Ɗan kasuwar da ya taso daga Agye, Gazawa ko Gidan Rumji a jihar Maradi zuwa saro kaya a Guangzhou, ya saba da furar gero da tuwo da miyar kuka. Idan yana fama da gyambon ciki, wato olsa, cima kan zame masa abin fargaba tun ranar da ya sauka, kuma kwana biyu a kwance asara ce ga mai ƙidayar kwanakin biza.

Sa'ar da ya yi ita ce girkin Guangzhou, na yankin Guangdong, ba mai yaji ba ne. Abincin da ke ƙona baki na Sichuan ne da Hunan, inda barkono da mai ke yawa. Waɗannan su ne abin gudu.

Mafi sauƙi ga ciki shi ne "zhou", shinkafar da ake dafawa da ruwa mai yawa har ta narke kamar kunu. Sai dai a nemi farar, "bai zhou", domin a Guangzhou ana yawan zuba mata naman alade. Akwai kuma kifi da ƙwai da ake turarawa ba a soya ba, da ganye dafaffe.

Ga Musulmi, maganar ba ta tsaya ga yaji ba. Wasu gidajen na girki da kitsen alade da giyar shinkafa, shi ya sa ake neman alamar halal, "qingzhen". Irin waɗannan gidaje sun yi yawa a unguwar Xiaobei, matattarar ƴan kasuwar Afirka. Taliyar Lanzhou da ake sayarwa a can da romon naman shanu take zuwa, man barkonon kuma a ƙarshe ake zubawa. Wanda ya ce "bu yao la" za a ba shi ba yaji.

Amma yaji yana tayar da ciwon ne kawai. Abin da ya fi haddasa olsa shi ne ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda gano ta ya sa aka ba Barry Marshall da Robin Warren kyautar Nobel a 2005, sai magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda matafiya ke sha barkatai saboda gajiyar hanya. Ƙwayar tana da magani, kuma gwajinta kafin tafiya ya fi arha a kan jinya a ƙasar waje. Wanda ya ga baƙin bayan gida ko jini a amai, asibiti zai nufa nan take.