Gargaɗi ga masu yankar tikitin jirgin ƙasa da sayayya ta waya

Jama'a, a yi hattara! Tun da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta fara sayar da tikitin jirgin Abuja zuwa Kaduna ta intanet a watan Janairun 2021, ga kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tilasta wa kowa koyon tiransifa, wayar hannu ta zama lalitar mutum. Da ita ake yankar tikiti, da ita ake biyan mai shago da mahauci. Ɓarayi ma sun gane haka, sun bar aljihu sun koma kan waya.

Gaggawarka ita ce jarinsu. Ka duba manhaja kujeru sun ƙare, kana tsaye a tashar Rigasa ko Kubwa ko Idu, lokaci yana ƙurewa. Sai wani ya matso ya yi ƙasa da murya: "Alhaji, akwai tikiti, tura kuɗin a wannan asusun." Kana turawa ya aiko maka da hoton tikiti ta WhatsApp, ya ɓace cikin jama'a. Sai a bakin ƙofa za ka tarar na bogi ne, ko kuma da sunan wani aka yanke shi. Tun daga Disambar 2022 ake neman lambar NIN ta mai tafiya, saboda haka tikitin wani ba zai fisshe ka ba.

Wasu kuma kira suke yi da sunan banki, su ce an samu matsala a BVN ɗinka, ka karanto musu lambar da ta shigo wayarka yanzu. Wannan lamba ita ce mabuɗin asusunka. Babu bankin da ke tambayar ta, ko lambar sirrin katinka.

Don haka a kiyaye waɗannan:

1. Kada ka sayi tikiti sai a manhaja ko shafin hukumar, ko wurin sayar da tikiti na hukuma a cikin tasha. Kada ka tura kuɗin tikiti asusun wani mutum.
2. Kada ka miƙa wa baƙo wayarka a buɗe don ya "taya ka" biya. Idan za ka danna lambar sirri a na'urar POS, ka kare ta da hannu.
3. Ka sa wa layinka lambar sirri, ba wayar kaɗai ba. Ɓarawo yakan zare layin ya sa a wata waya, ya shiga asusu ta lambobin da ake dannawa.
4. Ka nemi lambar rufe asusu ta bankinka yau, ka rubuta a takarda. Idan aka sace wayar, ka ari ta wani ka rufe asusun nan take, sannan ka sa kamfanin layi ya toshe layin, ka kai rahoto ga 'yan sanda.
5. Ɗan kasuwa, kada ka saki kaya don an nuna maka rasit a fuskar waya, ko don saƙon alat ya shigo. Buɗe manhajarka ka ga kuɗin da idonka.

Gumin shekara yana iya tafiya cikin minti biyar. Wanda ya karanta ya sanar da iyaye da dattawa da duk wanda bai saba da waya ba, domin su aka fi hara.