Takardar tsaro ta EV: shin ta cancanci kuɗinka?

Idan kana da shafin intanet, mai yiwuwa kamfanin da ke ajiye maka shi ya taɓa tallata maka takardar shaidar tsaro ta EV, wai ita ce mafi ƙarfi. Dakata tukuna kafin ka zaro kuɗi.

Takardar tsaro ce ke sa adireshin shafi ya fara da https, kuma da ita ake rufe bayanan da ke kai-komo tsakanin wayar mai ziyara da shafin, don kada ɗan kutse ya karanta. Wannan rufin iri ɗaya ne, ko ka karɓi ta kyauta daga Let's Encrypt ko ka riƙa biyan daloli duk shekara. Bambancin yana wajen tantancewa. Ta kyauta tana tabbatar da cewa adireshin yana hannunka. Ita EV sai an duba rajistar kamfaninka da inda yake kafin a ba ka.

Da aka fito da ita a 2007, ladan wannan wahala a fili yake: sunan kamfaninka zai bayyana da kore kusa da adireshi, kowa ya gani. Wannan ladan ne ya tafi. A 2019 Chrome 77 da Firefox 70 suka cire sunan daga wurin, bayan binciken Google ya nuna mutane ba sa lura ko akwai shi ko babu. Yau sai mutum ya danna ya shiga bayanan takardar kafin ya ga sunan, kuma gaskiya, wa ke yin haka?

Ko sunan ma bai hana yaudara ba. A 2017 wani mai bincike ya yi rajistar kamfani mai suna Stripe, Inc. a jihar Kentucky ta Amurka, aka ba shi EV da suna daidai da na sanannen kamfanin biyan kuɗi. Bai yi ƙarya a takarda ko ɗaya ba, don kamfanoni biyu na iya ɗaukar suna guda a jihohi daban.

A ganina, ga mai shago ko makaranta ko ƙaramar jarida, kuɗin nan ya fi amfani a sabunta manhajar shafin da kare kalmar sirrin mai kula da shi. Inda za ka biya shi ne idan hukumar da ke sa ido a kanka, ko wani banki da kuke hulɗa, ya rubuta EV cikin sharuɗɗansa.