Masu Laluben Ƙwayoyin Zarra

Mai wannan sana'a ba ya gini da hannunsa. Fage yake shiryawa, ya zuba ƙwayoyin molikul a kai, su kuma su jera kansu sahu-sahu, gwargwadon yadda kowace ke jan 'yar'uwarta da yadda fagen ke riƙe su. Fagen galibi ɗan farantin zinari ne ko na jan ƙarfe, faɗinsa kamar santimita guda.

Rabin wahalar a tsafta take. Cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta ake aikin, kuma sai an gasa tukunyar kwana da kwanaki kafin danshin da ya manne a bangonta ya fita. Shi ma zinarin sai an kankare fuskarsa da harbin ƙwayoyin iskar agon, a zafafa shi ya koma sumul, a sake, a kuma sake.

Sai allura, wadda da ita ake duba yadda ƙwayoyin suka jeru. Na'urar da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙirƙiro a ɗakin binciken IBM na Zurich a 1981, wadda ta jawo musu kyautar Nobel a 1986, ba ta gani. Lalube take yi kamar makaho da sandarsa, sai dai ita ba ta taɓa ƙasa. Tazarar da ke tsakanin allurarta da fagen ba ta kai nanomita guda ba, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kuma da allurar ta ɗaga da kashi goma cikin ɗari na nanomita, lantarkin da ke tsallakawa ya ragu kusan ninki goma. Wajen yin allurar, wayar tungsten ake sa sinadari ya ci har ta yi tsini. In tsinin ya yi baki biyu, komai biyu-biyu zai fito a hoto, sabon shiga ya yi ta murnar ya gano abin mamaki. A nan ake gane gwani.

A 1989 Don Eigler ya ja ƙwayoyin zarra 35 na zenon ɗaya bayan ɗaya da irin wannan allura, ya rubuta IBM. Abin burgewa ne, amma ba masana'antar da za ta rayu da wannan tafiyar hawainiya. A ganina aikin 2010 ya fi shi nauyi: masu binciken cibiyar Empa ta Suwizalan da ta Max Planck a Mainz sun zuba molikul a kan zinari, suka zafafa zuwa digiri 200, ƙwayoyin suka kama juna suka zama sarƙa. A digiri 400 sarƙar ta baje ta zama zirin girafin mai faɗin ƙwayoyin kabon 7.

Sai dai zinari na ɗaukar lantarki. Don haka kafin zirin ya yi aiki a tiransisto, dole a ɗaga shi daga inda ya tsiro, a mayar da shi kan wani fage ba tare da ya lalace ba.