FAM NA ZINARIYA A CIKIN KAYAN GADO: KO A KAI SHI A TANTANCE KAFIN A SAYAR?

Zuwa ga hakimai da malaman ofisoshinsu.

Sau da yawa idan dattijo ko dattijuwa suka rasu, aka buɗe adaka domin lissafin kayan gado, a kan tarar da kwandalar zinariya ɗaya ko biyu a ƙulle cikin tsumma. Ita ce mutane ke kira sisin gwal. Waɗansu alhazai ne suka zo da su daga Makka ko Sudan, waɗansu kuwa sadaki ne da aka ajiye tun aure. A zamanin nan magada su kan ji labari cewa ana sayar da irin wannan ta intanet da kuɗi mai yawa, in dai an fara aika ta ƙasar waje masana sun tantance ta. Daga nan gardama ta kan tashi, ta zo gaban dagaci, ta zo gaban hakimi. An shirya wannan takarda domin ku san gaskiyar al'amarin, ku kuma san shawarar da za ku bayar.

DARAJA IRI BIYU

Kowace kwandalar zinariya tana da daraja iri biyu. Ta fari ita ce darajar zinariyar da ke jikinta. Ta biyu ita ce abin da masu tara tsofaffin kuɗi za su ƙara a kai saboda ƙarancinta ko kyaunta.

Wadda aka fi samu a ƙasashen nan ita ce fam na zinariya na Ingila, wanda aka fara bugawa a kan wannan awo a shekarar 1817. A fuska ɗaya akwai kan Sarki ko Sarauniya, a ɗayar kuwa yawanci mahayin doki ne yana yaƙar wata dabba. Nauyinsa giram 7.98, karat 22 ne, watau tsantsar zinariyar da ke ciki giram 7.32 ce. Akwai kuma jinin Saudiyya mai shekarar Hijira 1370 ko 1377, wanda aka buga a kan awon fam ɗin Ingila. Sai Krugerrand na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 1967, mai ɗauke da tsantsar zinariya giram 31.1.

Darajar farko kowane malami yana iya lissafta ta. A nemi farashin giram ɗaya na tsantsar zinariya na wannan rana, a ninka shi sau 7.32, an sami ƙimar fam ɗaya ke nan. Mai saye zai rage kaɗan domin ribarsa. Abin da ya wajaba a gane shi ne, an buga waɗannan fam miliyoyi da yawa, saboda haka mafi yawansu ba su da wata daraja fiye da ta zinariyarsu sai ɗan abin da ba a rasa ba.

MENE NE TANTANCEWA?

Dattawa za su tuna yadda malamin duba auduga ya ke ware ta a kasuwa, wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu, kowace da farashinta. To, haka a ke yi wa tsofaffin kuɗi. Akwai kamfanoni biyu na Amurka da masu saye suka fi amincewa da su: PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC, wanda aka kafa a 1987. Masanansu su kan duba kwandala su tabbatar ko ta gaske ce, sa'an nan su ba ta lamba daga 1 zuwa 70, bisa ma'aunin da wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara a 1949. Daga 60 zuwa 70 lambobin wadda ba ta taɓa yawo a hannun mutane ba ne. Wadda ta sha hannu ta goge, lambarta tana ƙasa da haka. Bayan an gama sai a like ta cikin kwanson roba mai garai-garai, da lambar shaida wadda mai saye zai iya dubawa a shafin kamfanin.

Amfanin wannan a bayyane ya ke. Mutumin da ke London ko Dubai bai san mai sayarwa ba, bai kuma riƙe abin a hannunsa ba. Shaidar kamfanin ita ce ke tsaya masa a matsayin idonsa.

Amma tantancewa ba ta ƙara wa kwandala ko ƙwayar zinariya. Tana faɗin abin da ke nan ne kurum. Kuma ba kyauta a ke yin ta ba: akwai ladan kamfani, da kuɗin aikawa da komowa, da inshora, da jiran makonni, ban da ƙa'idodin Kwastan. Kamfanonin ɗaukar kaya da yawa ma ba su karɓar zinariya sai da sharaɗi. Idan fam ɗin na gama-gari ne, duk wannan ɗawainiya daga rabon magada za ta fita, ba kuwa za ta dawo ba.

YAUSHE YA KAMATA A AIKA?

Dalilai uku ne ke sa aikawa ta biya kuɗinta.

Na ɗaya, idan shekarar da wurin bugu na masu wuyar samu ne. Ba a London kaɗai aka buga fam ba. An buga a Sidni, da Melbon, da Fat a ƙasar Ostareliya, da Otawa a Kanada, da Bombai a Indiya a 1918, da Firitoriya daga 1923 zuwa 1932. Kowane gidan bugu yana da alamarsa: S, M, P, C, I, ko SA, ƙananan haruffa ƙwarai, yawanci a ƙasa ƙarƙashin kofaton doki, bisa shekara. Na London ba shi da harafi. Ga misalin muhimmancin wannan: fam mai shekarar 1917 da harafin P na gama-gari ne, amma mai 1917 na London wanda ba shi da harafi yana da wuyar samu ƙwarai, domin an narkar da mafi yawansu. Saboda haka ne maƙaryata ke goge harafin, ko su ƙera na jabu. Mai irin wannan ba wanda zai biya shi babban kuɗi sai da shaidar masana.

Na biyu, idan kwandalar sabuwa ce ful, gashin kan Sarki da jikin doki ba su goge ba ko kaɗan, ƙyallinta na asali yana nan.

Na uku, idan akwai shakka a kan gaskiyarta, kuma alamu sun nuna tana da tsada. A shekarun 1950 an ƙera fam na jabu masu yawa a Italiya da Gabas ta Tsakiya, waɗansunsu ma da zinariya mai kyau, har maƙeri ya gwada ya ce lafiya lau. Irin wannan za a saye shi a kan nauyinsa, amma masu tarawa ba su son sa.

Idan ba ɗaya daga cikin ukun nan, kada a aika. Haka kuma wadda aka huda, ko aka like mata marataya aka yi sarƙa da ita, ko aka goge ta da toka ko magani, kamfanonin ba su ba ta lamba sosai, sai dai su rubuta cewa ta gaske ce amma tana da aibi.

Za ku ji matasa suna kawo labarin fam ɗin da aka sayar fam miliyan ɗaya na Ingila a 2020. Gaskiya ne, amma na Sarki Edward na Takwas ne, wanda ya sauka daga sarauta a 1936 kafin a fitar da kuɗinsa ga jama'a. 'Yan ƙalilan ne aka buga na gwaji. Kada a bar irin wannan labari ya sa 'yan'uwa zargin juna.

ABIN DA ZA A YI, BI DA BI

1. Kada a wanke, kada a goge, kada a bari a karce ta a dutsen gwaji kafin a san irinta. A riƙe ta ta gefe, a ajiye kowace dabam cikin takarda mai taushi.

2. Malami ya rubuta ta cikin lissafin kayan gado a gaban shaidu: sunan Sarkin da ke jiki, da shekara, da harafi in akwai. A ɗauki hoton fuska biyu, a ba kowane magaji.

3. A auna ta a ma'aunin giram a wurin masu sayar da zinariya biyu ko uku waɗanda ba su san juna ba. Faɗin fam milimita 22 ne. Wanda nauyinsa ko faɗinsa ya kauce ƙwarai abin tuhuma ne. Inda akwai na'urar da ke gwada ƙarfe ba tare da karcewa ba, ita ta fi.

4. A sa mai ilimi ya binciki shekarar da harafin a littattafan farashin tsofaffin kuɗi. Ya duba abin da aka riga aka sayar da irinta a gwanjo, kada ya dogara da abin da masu talla ke nema, gama nema dabam, samu dabam.

5. A yi lissafi biyu a takarda ɗaya. A gefe guda abin da za a samu yau hannu da hannu. A ɗaya gefen abin da a ke tsammani bayan tantancewa, a cire ladan kamfani, da kuɗin aikawa, da inshora, da la'adar shafin da za a sayar. A yi lissafin a kan lamba ta ƙasa, domin mai abu kullum ya kan ga abinsa ya fi yadda ya ke. In bambancin bai taka kara ya karya ba, a sayar a gida.

HAKKIN MAGADA

Kafin a raba gado, kwandalar ta dukan magada ce. Ba wanda ya ke da ikon aika ta waje ko sa ta a kasuwar intanet shi kaɗai, ko da shi ne babban wa, ko shi ne ya iya waya. Lalle a sami yardar kowa a rubuce, a kuma faɗi wanda zai ɗauki hasara in ta ɓace a hanya. Inda akwai marayu ƙanana, sai a sanar da alƙali tukuna. Har wa yau malamai sun yi bayani cewa musayar zinariya da kuɗi hannu da hannu a ke yin ta, saboda haka a nemi fatawarsu a kan yadda biya da miƙawa za su kasance in mai saye yana nesa.

A yi hankali da mai saye wanda ya ce a aiko masa da kaya kafin kuɗi su shiga, da wanda ya turo hoton takardar biya alhali banki bai tabbatar ba, da wanda ya ce a fara biyan wani haraji kafin ya saki kuɗi. Kwanson roba ma ana yin na jabu, don haka a duba lambar shaida a shafin kamfanin da kansa.

Abin da aka tono a ƙasa, a kufai ko a tsohuwar ganuwa, hukuncinsa dabam ne. Sai a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, gama dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izni ba.

Ana roƙon hakimai su karanta wa dagatai da masu unguwa wannan bayani a taronsu na gaba, malamai kuma su ajiye takardar kusa da littafin lissafin gado domin ranar bukata.