Sabulun Gida: Ki Kula Kada Ya Ci Miki Fuska

Tun daga 2023 da aka janye tallafin man fetur, sabulun kanti ya yi tsada, har uwargida ta fara tuna sana'ar kakanni. A ƙauyukan Batsari da Safana, can gefen dajin Rugu, kayan haɗi ba su da wuya: bayan girbi ga karan dawa da na gero, ga man gyaɗa, ga man kaɗanya a kasuwa.

Yadda iyayenmu ke yin sabulun salo shi ne: a ƙona kara, a tace tokar da ruwa, a dafa ruwan tokar har ya yi kauri, sannan a zuba mai ana tuƙawa har ya kama jikinsa. Abin lura shi ne, ruwan toka mai ƙarfi yana cin fata. Idan ya rinjayi mai, sai sabulu ya fito da zafi, fuska ta riƙa raɗaɗi tana yin fururu, balle da hunturu.

Mai amfani da soda kuwa, kada ta yi awo da ido. Kilo 1 na man gyaɗa, soda giram 130 ta ishe shi, da ruwa kashi ɗaya cikin uku na lita. Sodar ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba, a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da yara. Ki sa safar roba, kuma ban da tukunyar dalma, domin soda na cin ta. In ya daskare, a ajiye shi mako 4 zuwa 6 kafin ya taɓa jiki.

To, sai wanke fuska. Fara gwada sabon sabulu a cikin dantsenki, ki jira kwana biyu. In ba ƙaiƙayi, ki yi kumfa a tafin hannu, ki shafa da yatsu a hankali. Ban da soso, ban da ruwan zafi, ban da lemun tsami da turare. Ɗauraye da ruwa mai ɗumi, ki dangwala tsumma mai laushi, ki shafa man kaɗanya tun fuska na da danshi. Mai fata marar juriya, sabulu sau ɗaya da dare ya ishe ta, da safe ruwa zalla.

Idan wata ta ce ki ƙara maganin sa fari a ciki, ki ƙi. Ƙuraje kuwa in sun ƙi lafawa, a tafi asibiti. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.