Ɗan Robar Da Ke Tsare Giyar Jirgin Ƙungiya

'Yan'uwa manoma na bakin ruwa, musamman ku na gaɓar Binuwai da na kewayen Tafkin Kainji, kun san idan damina ta yi nisa hanyar mota takan yanke. A lokacin nan jirgin ƙungiya shi ne motarmu. Shi ke kai shinkafa da masara kasuwa, shi ke kawo taki, shi ne kuma ke ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti. Saboda haka muna so mu yi magana a kan wani ɗan abu da bai kai tafin hannu ba, amma yana iya kwantar da jirgin nan damina guda. Makanikai suna kiransa sil.

Injin jirgi iri biyu ne muka fi gani. Akwai wanda ake ratayawa a bayan kwalekwale, shi ne ya fi yawa a wurinmu. Akwai kuma wanda injin ke zaune cikin jirgi, ƙafarsa kaɗai ta fito ta bangon baya. Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ne ya fito da wannan iri kasuwa a 1959. Ko wanne ne ƙungiyarku take da shi, a ƙasan ƙafar akwai gidan giya cike da mai, kuma cikin ruwa yake yini yana aiki.

Sil zobe ne na roba mai ƙarfe a jikinsa, da ɗan waya a ciki wanda ke matse leɓen robar a jikin sanda mai juyawa. Aikinsa biyu ne: ya hana mai fita, ya hana ruwa shiga. Ana samunsa a sandar farfela, da ƙarƙashin famfon ruwa, da wurin sandar canja giya.

Me ke kashe shi? Babban abokin gabansa shi ne zaren nailan na taru da na ƙugiya. Zaren yakan naɗe a bayan farfela inda ido ba ya gani, ya yi ta cin robar har ya yanke ta. Yashi ma yana goge ta. In farfela ta bugi dutse ko kututture sandar ta lanƙwashe, sil ba zai ƙara riƙewa ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar ruwa ya gauraya da mai, santsin man ya ragu, boris ya yi tsatsa, haƙoran giya su cinye juna. Kuɗin sil kaɗan ne, kuɗin giya kuwa yana iya cinye ribar ƙungiya ta shekara. Abin da ya fi wannan muni shi ne farfela ta daina juyawa a tsakiyar kogi, ruwa ya cika, jirgi cike da mutane.

Gane ciwon ba wuya. A jikin gidan giya akwai sukuru biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ku tsai da ƙafar a miƙe, ku bari ta kwana, ku sassauta na ƙasa man ya ɗiga cikin kwano mai tsabta. In ruwa ne ya fara fitowa, ko man ya yi fari kamar shayi da madara, to ruwa ya shiga. In kun ga ɓarɓashin ƙarfe mai kauri, giyar ta riga ta taɓu, sai a kai wa makaniki.

Ga yadda ake canja sil na sandar farfela. Da fari a cire wayoyin fulogi, don kada injin ya tashi hannun mutum yana jikin farfela. A tokare farfelar da guntun katako, a zare fil, a kwance noti, a jera kowane abu a kan tsumma bi da bi yadda ya fito. A kwance sukuru biyun nan, a tsiyaye man duka. A injuna da yawa sai an zaro gidan boris kafin a kai ga sil, kuma akwai ƙarfen da aka yi musamman don jawo shi. Kada a ɗora masa guduma, gama jikinsa alminiyam ne, yana tsagewa.

Yawanci sil biyu ne a wurin. Kafin a fid da su, a duba sosai ina kowanne ya fuskanta, har a zana a takarda. Wasu kamfanoni suna sa su baya da baya, wasu kuwa suna sa su su dubi gefe guda. Yadda tsofaffin suka zauna, haka sababbin za su zauna. A ɓamɓare su a hankali kada a karce mazauninsu. A shafa farce a jikin sanda inda robar ke gogawa. In farce ya maƙale a cikin rami, sabon sil ma zai yi yoyo, sai an sake sandar.

A sayi sil mai lamba daidai da injin. A shafa wa leɓensa giris, a sami guntun bututu mai faɗinsa, a riƙa bugawa kaɗan kaɗan har ya zauna sosai ba karkata. A sake zoben robar da ke kewaye da gidan boris, da ƙananan washa na sukuru biyun, gama su ma ƙofar ruwa ne. Makaniki mai kayan aiki yakan hura iska cikin gidan giya kafin a zuba mai, ya ga ko allurar ma'auni za ta sauka. Wannan gwaji ne ke nuna ko sil na ƙarƙashin famfo ma ya mutu. In an sauke ƙafar don a canja shi, a canja robar famfon ruwa gaba ɗaya.

Wurin zuba mai ne mutane da yawa suke kuskure. Ta ramin ƙasa ake tura shi, har ya fito ta na sama, don iska ta fita. Sai a ɗaure na sama tukuna, sa'an nan a zare bututun a ɗaure na ƙasa da sauri. Man giya ake so, ba baƙin man mota ba. Yawancin injunan da ake ratayawa mai lamba 90 suke sha, amma a bi abin da littafin injin ya ce. Tsohon man kuwa a tara shi a galan, kada a zuba a kogi, gama daga nan muke sha, daga nan kuma muke cin kifi.

Shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce a naɗa mutum ɗaya ya kula da injin, a ba shi littafi. Ya riƙa cire farfela a kai a kai yana duba zare. Ya canja man giya bayan awa 100 na aiki, ko sau ɗaya a shekara in bai kai ba, ya rubuta ranar. Ma'aji kuma ya ajiye sil biyu da kwalbar mai tun da rani, lokacin da hanyar gari take a buɗe. A zamanku na wannan wata, ku sa maganar cikin abin da za ku tattauna, kafin kogi ya kawo.