Kiɗan Gareji da na Bakin Teku Ya Dawo Hannun Samari

Duk wanda ya kasa kunne ga abin da samarin Amurka da Turai da Ostareliya ke kaɗawa a 'yan shekarun nan, lalle zai yi al'ajabi, domin a daidai zamanin da kwamfuta ta iya gyara muryar mawaƙi har ta share mata kowane aibi, sai ga da yawa daga cikinsu sun koma neman wani kiɗa mai kaushi, wanda kakanninsu suka yi yayinsa shekara sittin da suka shige.

Kiɗan nan iri biyu ne, amma danginsu ɗaya. Na farko ana ce masa na gareji, saboda yaran da suka fara shi a Amurka ba su da ɗakin koyo sai wurin da iyayensu ke ajiye mota, inda mutum huɗu ko biyar za su taru da jita da ganguna, ilminsu kaɗan, himmarsu mai yawa. Misalin da ya fi shahara shi ne "Louie Louie" da The Kingsmen suka ɗauka a birnin Portland a 1963, wadda mawaƙin ya yi gaggawar shiga baiti kafin lokacinsa, aka bar kuskuren a faifai yadda yake. Kuma saboda lafazinsa bai fita ba, har hukumar FBI ta yi bincike ko akwai batsa a ciki, ta gaji ba ta tabbatar da komai ba.

Na biyun kuwa ya fito ne daga kudancin Kalifoniya, wurin masu hawan igiyar ruwa, kuma jagoransa Dick Dale ne, bahago, wanda mahaifinsa ɗan asalin Labanon ne. A 1962 ya ɗauki wani tsohon sautin gabashin Bahar Rum mai suna "Misirlou", wato Bamisiriya, ya zuba shi a kan jitar lantarki da saurin yatsa irin na masu kaɗa udu, ya haɗa da na'urar amsa-amo ta kamfanin Fender, har mai sauraro ya ji kamar kiɗan daga cikin kogo mai ruwa yake fitowa. Ashe abin da Bature ke kira kiɗan bakin teku yana da jijiya a ƙasar Larabawa.

Da The Beatles suka iso Amurka a 1964, sai kasuwar na bakin teku ta faɗi, na gareji kuma ya yi tashe na ɗan lokaci ya lafa. Amma fa kiɗan bai mutu ba. Tarin waƙoƙi mai suna Nuggets ya tono shi a 1972, fim ɗin Pulp Fiction ya farfaɗo da "Misirlou" a 1994, sa'an nan a 2001 The Strokes na New York da The White Stripes na Detroit suka mai da shi gaban jama'a. A sawunsu ne Ty Segall ya taso, da La Luz, ƙungiyar mata da aka kafa a Seattle a 2012, da King Gizzard na Melbourne, waɗanda suka fitar da kundi biyar a 2017 kaɗai.

A ganina sababin wannan dawowa ya kasu tsakanin aljihu da zuciya. Kiɗa ne mai araha, ba ya bukatar babban kamfani, yaro na iya ɗaukarsa a ɗakinsa ya sayar ta shafin Bandcamp, ko a kaset da faifan garmaho ga masu marmarin abin da za su riƙe da hannu. Na zuciyar ya fi nauyi: kunne ya ƙosa da sautin da aka goge sumul, yana son ya ji ɗan Adam, da hucinsa da tuntuɓensa. Gaskiya ne wasu daga cikin samarin kwaikwayo kawai suke yi, har da tufafin 1965, ba su ƙara komai ba.

Wannan ƙishirwa ce, ina zato, ta buɗe wa jitar Agadas ƙofa a Amurka, domin Dan Auerbach na The Black Keys, wanda shi ma daga wannan makaranta ya fito, shi ne ya kai Bombino, makaɗin jitar Agadas, birnin Nashville, suka ɗauki kundin Nomad da ya fita a 2013.